Hunturu a Hamadar Amurka Cikin Motar Gida

Masu yawo da motar gida a kudu maso yammacin Amurka ba sa shiga hamada sai sanyi ya sauka. Daga Yuni zuwa Satumba zafin can ya fi ƙarfin mutum da injin baki ɗaya, don haka sai Nuwamba ta kama za ka ga ayarin motoci suna gangarowa daga jihohin arewa da Kanada, galibinsu tsofaffi 'yan fansho masu gudun dusar ƙanƙara, su baje a Arizona da kudancin Kalifoniya har zuwa Maris. Mu cikin Janairu muka bi sahunsu, da motoci uku. Babbanmu, wanda duk muke kira Yaya, shi da uwargidansa Hajiya suna da ɗaki mai taya da suke ja da a-kori-kura, kuma sun daɗe a harkar. Autanmu da hannunsa ya gyara wata ƙaramar bas, ya sa mata gado, ya ɗora farantan sola a rufi. Ni da abokina kuwa haya muka ɗauko, irin wadda Amurkawa ke kira RV: gaba mota, baya ɗaki da kicin da banɗaki, har da gado a saman kan direba.

A Finiks, babban birnin Arizona, muka karɓi tamu. Ma'aikacin da ya miƙa mana makulli bai ɓata lokaci kan tuƙi ba. Ya ce mu riƙa tuna tsawonta da tsayinta, mu buɗe kwana sosai, shi ke nan. Inda ya tsaya ya yi bayani dalla-dalla shi ne ƙarƙashin motar. Tankuna uku ne a wurin. Na farko na ruwa mai tsabta, galan 40, wajen lita 150 ke nan. Na biyu shi ke karɓar ruwan wanke-wanke da na wanka. Na uku na banɗaki ne. Ga tukunyar gas mai riƙe da murhu da firji da hitar ɗaki da ta ruwa, ga kuma batirin ɗaki, daban da na injin. A bango kusa da ƙofa akwai ɗan allo mai fitilu da ke nuna ma'aunin kowanne. Wannan allon shi ya riƙa yanke mana ranar tashi da ranar zama har ƙarshen tafiyar, ya fi taswira iko, ya fi ra'ayin kowa a cikinmu.

Daga Finiks zuwa Quartzsite wajen kilomita 200 ne a kan babbar hanyar I-10. Hanyar miƙaƙƙiya ce, amma hannuna bai huta a sitiyari ba, domin gefen motar faffaɗa ne, iska na samun abin kamawa. Duk tirelar da ta zo wucewa sai ta fara ture ka gefe, sannan ta jawo ka wajenta. Yaya ne a gaba, Auta a baya, mu sababbin hannu a tsakiya, kowace mota da oba-oba guda. Tun kafin mu tashi Yaya ya ce gudun ayari gudun mai tafiya a hankali ne, wanda kuma ya ga fitsari ko barci ya matsa masa ya faɗa ba tare da jin nauyi ba.

Quartzsite ƙaramin gari ne a mahaɗar I-10 da hanya mai lamba 95. Mazaunansa na dindindin ba su kai 2,500 ba a ƙidayar 2020, amma a Janairu duk inda ido ya kai fararen motoci ne, ga kasuwar duwatsu masu daraja, ga wata ƙatuwar rumfa da ake baje kayan motocin gida a cikinta. Abin da ke jawo jama'a shi ne fili. Mafi yawan ƙasar da ke kewaye da garin ta gwamnatin tarayya ce, a hannun hukumar kula da filaye ta BLM, kuma doka ta yarda mutum ya yada zango kyauta har kwana 14, daga nan ya tashi ya yi nisa. Wanda yake so ya cinye hunturu a wuri guda sai ya sayi takardar dogon zama a La Posa, kudu da garin, wadda ke aiki daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, inda akwai famfo da wurin juye tanki da na zubar da shara. A filayen kyauta babu ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da ka shigo da shi, shi ne naka, kuma da shi za ka fita.

A maƙabartar garin akwai wani kabari da aka gina wa ɗan dala na duwatsu, aka ɗora raƙumin ƙarfe a kai. Na Hadji Ali ne, makorin raƙuma da ya zo daga ƙasashen daular Usmaniyya a 1856, lokacin da sojojin Amurka suka sayo raƙuma don su gwada ko za su fi alfadarai iya ratsa wannan hamada. Raƙuman sun yi aikin, sai dai yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, shirin ya watse, aka sayar da wasu, wasu suka bazu a daji. Shi kuwa ya ci gaba da zama a yankin har ya rasu a Quartzsite a 1902. Hi Jolly mutanen garin suke ce masa, kuma ɗaya daga cikin filayen kwana na kyauta sunan nan nasa aka sa masa. Mun tsaya mun yi masa addu'a kafin mu wuce neman masauki.

Yaya ba ya shigar da mota inda ƙafarsa ba ta taka ba. Ya ajiye mu a bakin hanya, ya shiga a ƙasa yana dudduba, yana buga dunduniya. Abin da yake nema shi ne tudun tsakuwa mai tauri wanda wasu suka riga suka kwana a kai. Ni idona ya tafi kan wani wuri mai laushin yashi da inuwar itatuwa a jere, na nuna masa. Ya ce, "Ƙanina, a hamada inda ka ga itatuwa sun yi layi, hanyar ruwa ce." Busasshen rafi ne. Ba sai an yi ruwa a kanka ba: hadari zai iya sauka a kan duwatsu can nesa, sama tana garau inda kake, ruwan ya tattaro ya gangaro da itace da duwatsu cikin dare. Dalilin bin tsohon sawu kuma shi ne ƙasar hamada ba ta warkewa da wuri. A 1942 Janar Patton ya buɗe sansanin horar da sojoji a wannan hamada don shirin yaƙi a Arewacin Afirka, kuma har yau akwai wuraren da sawun tankokin yaƙinsa ke nan a kwance. Tayar da ka murza a sabon wuri yau, jikanka na iya zuwa ya tarar da alamarta.

Da muka samu wuri sai aka jera motocin uku suka ba iska baya, aka bar fili a tsakiya. Sai daidaita mota da 'yan katakai a ƙarƙashin taya, abokina yana matsawa kaɗan-kaɗan, ni ina kallon ma'auni. Ban da daɗin barci, firjin da ke aiki da gas yana buƙatar mota ta tsaya daidai, in ta karkace na dogon lokaci ruwan da ke zagayawa cikin bututunsa ya taru wuri guda, firji ya lalace.

Sai sanyi. Da rana mutum na yawo da riga guda, ma'auni wajen digiri 18 zuwa 20, rana tana dukan wuya. Rana na faɗuwa komai ya juye. Iskar hamada busasshiya ce, sama kuma babu gajimaren da zai tare ɗumin da ƙasa ta sha, saboda haka cikin ɗan lokaci ya tsere. Kafin isha'i mun sa rigunan sanyi bibbiyu, da asuba kuwa wasu ranakun ruwan da aka manta a roba a waje yakan yi fatar ƙanƙara. Bangon motar gida siriri ne, ba ya riƙe ɗumi. Hita ce kawai mafita, kuma a nan lissafin yake. Wutarta gas ce, amma fankar da ke hura ɗumin cikin ɗaki batir take ci. Daren Janairu a can yana kusan awa 14. Batirin gubar dalma irin namu in ya cika yana nuna wajen bolt 12.6, in ya sauko kusa da 12.1 ya ci rabi, kuma ba a so ya wuce nan, in ba haka ba kwanansa ya ragu. Idan ya mutu tsakar dare, hita ta tsaya, famfon ruwa ya tsaya, fitilu su ɗauke, duk da tukunyar gas tana nan cike. Don haka muka koyi rage hitar zuwa ƙasa sosai lokacin kwanciya, mu toshe gilashin gaba da mayafi mai ƙyalli, mu dogara da barguna da hula da safa, sai da asuba a ɗaga ta.

Akwai abin da Hajiya ta gargaɗe mu a kai tun daren farko, fuskarta ba wasa. Ta ce kada sanyi ya sa wani ya kunna murhun girki don ɗumama ɗaki ya kwanta. Wuta a rufaffen wuri tana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya yi barcin da ba ya tashi. Ta zo da kanta ta danna na'urar da ke ƙara in iskar ta taru, ta tabbatar tana aiki. Ta kuma sa mu bar tagar rufi a ɗan buɗe komai sanyi. Wannan ya yi maganin wata matsalar ma, domin numfashin mutum biyu da tururin girki suna taruwa a gilashi da bango, da safe ka tarar ruwa na tsiyaya har gefen katifa.

Da gari ya waye kowa batirinsa yake son cikawa, kuma nan saɓani ya fara. Ranar hunturu ba ta hawa tsakiyar sama, ta kudu take ratsawa a karkace, farantan sola da ke kwance a rufi ba sa samun abin kirki. Auta kullum da hantsi sai ya hau rufi ya jingina nasa su fuskanci kudu, ya goge ƙura. Batirinsa na litiyom ne, wanda ba a cajinsa in sanyinsa ya kai na daskarewar ruwa, shi ya sa ya ajiye shi cikin ɗaki kusa da gadonsa. Shi dai shiru ya zo nema. Mu ba mu da sola, janareta muke da ita a jikin mota, Yaya ma yana da tasa. A fili irin wannan ƙarar janareta tana tafiya nesa ƙwarai. Auta bai ce komai ba, sai dai muka lura da zarar an tayar da ita ya ɗauki gorarsa ya nausa daji, ya dawo fuska a ɗaure.

Ruwa ma haka. Lita 150 a kunne da yawa, amma in mutum biyu suka yi wanka yadda suka saba a gida, suka wanke kwanuka famfo na zuba, kwana biyu ba za ta kai ba. Wanka ya koma jiƙa jiki, rufe famfo, sa sabulu, buɗewa a ɗauraye. Kwano sai an share shi da takarda kafin ya ga ruwa. Ruwan sanyin da ke fara zubowa kafin mai zafi ya iso, tara shi ake yi a roba don banɗaki. Matsalar ita ce mutane ba ɗaya suke ba. Abokina mai son tsabta ne, kofi ɗaya ba ya kwana da datti, ni kuma kowane buɗe famfo ina jin sa a raina, ina satar kallon allon. Ga shi kuma tunda motarmu ce ta fi faɗin wurin zama, nan ake taruwa da dare, tankunanmu suka riƙa cika kafin na kowa. Babu wanda ya yi laifi, amma zo mu zauna zo mu saɓa, kuma ƙananan abubuwa irin waɗannan su ne ke cin abota in aka bar su a ciki.

Hajiya ce ta tara mu. Ta ce, "Ku samari, tun jiya nake ganin kowa na magana da hanci. Mu faɗi abin da ke ranmu yanzu, tun tafiya ba ta yi nisa ba." Auta ya sunkuyar da kai ya ce shi dai janareta ce. Yaya ya ce, "To ai da ka faɗa, Auta. Wane lokaci ne ba za ta dame ka ba?" Cikin rabin awa aka gama. Janareta daga hantsi zuwa kafin azahar, sai kuma ɗan lokaci kafin magariba, da dare ba a tayar da ita ko ta wane hali. Girkin dare sau ɗaya ake yi wa kowa, ana zagayawa mota-mota, don wanke-wanke ya rabu. Kowa ya je banɗakin motarsa. In ruwa ya ja baya, a-kori-kura ce kaɗai za ta shiga gari da jarkokin kowa, a raba kuɗin mai. Sai na ƙarshe, wanda ni a ganina ya fi sauran amfani: duk wanda ya tashi ba ya son fita ko ba ya son hira, ya ce yau yana ɗaki, kada kowa ya tambaye shi dalili. Tun daga ranar na yi imani cewa abokai in za su yi irin wannan tafiya, gara kowa da ƙofar da zai iya rufewa, ko da hakan ya fi tsada.

Ranar juye tanki kowa ya fi son a ce wani ne zai yi, amma aikin ba shi da wuya in an bi shi a tsanake. Ka sa safar hannu, ka ɗaura ƙaton tiyo a bakin bututun mota, ɗaya bakin ka cusa shi a ramin, ka danne da dutse. Na banɗaki ake fara buɗewa, in ya gama a rufe, sannan a buɗe na ruwan wanka don ruwan sabulun ya wanke tiyon. Ba a juye na banɗaki sai ya kusa cika, domin nauyin ruwan ne ke tura komai waje. Tiyon ruwan sha kuma daban yake, fari, da jakarsa daban, ba ya taɓa haɗuwa da wancan. A Quartzsite a Janairu layi ake bi, kuma a layin nan na fi samun labarin hanya: inda aka rufe, inda yashi ya yi yawa, inda gas ya fi sauƙi.

Daga nan muka gangara kudu zuwa gandun namun daji na Kofa, wanda aka keɓe a 1939 saboda tumakin dutse masu manyan ƙahoni. Yarjejeniyar hayarmu ta taƙaita irin hanyar da za mu bi, don haka muka bar motarmu kusa da kwalta, muka shiga a-kori-kura zuwa Palm Canyon, tafiyar wajen kilomita 11 a kan tsakuwa mai girgiza haƙori. A wani tsagin dutse can sama akwai 'yan itatuwan giginyar hamada da suka tsiro da kansu, ba a ganinsu sosai sai wajen tsakar rana lokacin da haske ke shiga tsagin. Filin gaban duwatsun cike yake da saguwaro, dogon tsiron nan mai ƙaya da ke ɗaga hannuwa sama, wanda ba ya fitowa a ko'ina sai hamadar Sonora. Yakan haura shekara 50 kafin ya fitar da reshen farko, a wuri mai ƙarancin ruwa ma sai ya kusa 100. A Arizona doka ta hana yada zango cikin mita 400 daga mashayar da dabbobi suka dogara da ita, kuma da ka ga yadda ruwa ke da wuya a wurin ba ka buƙatar a yi maka bayanin dalili. Da dare Yaya yakan ɗaga bonet ya bar ƙaramar fitila a ciki, saboda wani ɓeran daji da ke son ɗumin injin, ya yi sheƙa a ciki ya ciccinye wayoyi.

A Kofa ruwa ya same mu, yayyafi mai sanyi na yini guda, irin wanda hunturu ke kawowa daga tekun Fasifik. Daji duka ya ɗauki ƙamshin wani ɗan kurmi mai ƙananan ganye da ake kira kiriyosot. Washegari bas ɗin Auta ta nutse a yashin wani mashigi. Abin da ya cece shi shi ne ya ɗage ƙafa nan take, bai ci gaba da murza taya ba, domin kowace murzawa rami take ƙara haƙawa. Muka share yashin gaban tayoyin da shebur, aka rage musu iska don su baje, aka cusa katakai, Yaya ya ɗaura igiyar ja ya fisgo shi a hankali, sannan aka mayar da iska da ɗan kwamfireso. Awa guda ba ta cika ba. Da shi kaɗai ne, ba sabis a waya, labarin da ya bambanta.

Iska ta hana mu tashi ranar da muka sa. An yi gargaɗin guguwa ga dogayen motoci, ƙura ta rufe duwatsu, Yaya ya ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Muka naɗe rumfunan gefe, muka zauna. Da ta lafa muka haye kogin Kolorado muka shiga Kalifoniya ta Blythe, inda ake tsayar da motoci a tambayi 'ya'yan itace da tsirrai da itacen wuta saboda ƙwari, agogo kuma ya koma baya da awa ɗaya.

Gandun Joshua Tree muka shiga ta ƙofar kudu, wajen Cottonwood, domin nan da Black Rock ne sansanonin da ke da famfo da wurin juye tanki. A cikin gandun babu gidan mai, babu shago, sabis ma sai a 'yan wurare. Hamada biyu ne suka haɗu a nan, ta Kolorado a ƙasa, ta Mojave a sama, kuma kana tuƙi kana ganin tsirrai na sauyawa. A hanya akwai wani fili cike da coya, tsiro mai ƙaya da gaɓoɓinsa ke ɓallewa da an ɗan goge su. Guda ta maƙale wa abokina a ƙafar wando har ta kai fata. Hannu ba ya cire ta, sai ta koma kan yatsu. Hajiya ta fito da mataji daga jaka, ta zura shi tsakanin fata da ƙayar, ta fincike. Ashe saboda haka take yawo da shi.

Sansanin Jumbo Rocks, inda muka kama wuri ta intanet tun watanni kafin tafiya, ya haura mita 1,300 a kan tudu, kuma sanyinsa ba irin na Quartzsite ba ne. A nan dusar ƙanƙara kan sauka. Ruwa in ya daskare yana kumbura, bututun roba ya fashe, kuma tankunanmu a waje suke ƙarƙashin mota. Kafin magariba muka buɗe ƙofofin kabad ɗin da bututu ke bi ta ciki don ɗumi ya kai gare su, muka zuba ruwan hana daskarewa mai launin hoda a tankunan ƙazanta, muka shigo da jarkar ruwan sha ciki. Hita dole ta kwana tana aiki, saboda haka komai na wuta aka kashe, har cajin waya. Da asuba famfo ya ɗan yi gardama sannan ya kawo. Amma sararin sama na wurin ya biya mu wahalar. Duhun gaske ne, ba hasken gari, kaza da 'ya'yanta suna tsakiyar sama tun farkon dare, ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Muka zauna cikin barguna a bakin wuta har itacen da muka saya ya ƙare, domin tsintar itace a gandun haramun ne.

Daga garin Twentynine Palms zuwa arewa hanya ta zama fayau. Ka wuce busasshen tafkin gishiri, ka iso Amboy a kan tsohuwar hanyar 66, ka hau hanyar Kelbaker ta tsakiyar keɓaɓɓen dajin Mojave, inda babu gidan mai ko ɗaya har garin Baker. Motar gida shan mai gare ta, ga nauyin ruwa, kowace lita kilo guda. Ƙa'idarmu ita ce rabin tanki shi ne ƙarshen tanki: da allura ta kai rabi, gidan mai na farko za a tsaya, komai tsadarsa. An sauke taswira a waya tun muna da sabis, ga ta takarda a hannun Yaya, an kuma bar wa wani a gida bayanin hanyar da za mu bi da ranar da ya kamata ya ji daga gare mu. Mun tsaya a tudun yashi na Kelso, mai tsayin kusan mita 200, wanda ke yin wani irin gurnani in busasshen yashi ya zame daga samansa. Auta da abokina suka hau har ƙoli suka ji da kunnensu. A Baker akwai ma'aunin zafi mai tsayin ƙafa 134, an gina shi don tuna zafin da aka auna a kwarin Death Valley ranar 10 ga Yuli 1913, digiri 134 a ma'aunin Amurka, wato 56.7 a namu na Salsiyos.

Death Valley shi ne wurin da ya fi mana sauƙin kwana a duk tafiyar. Furnace Creek, inda muka sauka a kwarin, yana ƙasa da matakin teku, a Janairu rana wajen digiri 19, dare wajen 4, hita ta samu hutu, batir ma haka. Wasu kamfanonin haya suna hana shiga kwarin da motarsu a tsakiyar zafi, amma a hunturu sansanoni cike suke. A nan muka rabu gida biyu cikin daɗin rai: Auta ya hau sansanin Texas Springs inda aka hana janareta ɗungurungum, mu da Yaya muka sauka a Sunset, filin tsakuwa mai faɗi inda aka yarda da ita a lokutan da aka ƙayyade, da yamma kuma a haɗu wajen abinci. Hanyoyi irin su Artists Drive da ta Dante's View ba sa karɓar motar da ta wuce ƙafa 25, sai a-kori-kura ta sake ɗaukar mu duka. A Badwater, mita 86 ƙasa da teku, mun taka farin gishiri, ga dutsen Telescope da ya haura mita 3,300 a gabanmu da dusar ƙanƙara a kansa. Ruwan saman da kwarin ya saba samu wajen santimita 5 ne kawai a shekara, amma bayan guguwar Hilary ta Agustan 2023 da ruwan da ya biyo baya, tafki ya kwanta a wannan wuri har mutane suka tuƙa ƙananan kwale-kwale a Fabrairun 2024.

Wurin da na fi daɗewa a tsaye shi ne kangon masana'antar Harmony, kusa da Furnace Creek. A shekarun 1880 daga nan ake ɗaukar ma'adinin boraks a manyan amalanke biyu, alfadarai 18 da dawakai 2 suna ja, tafiyar kilomita 266 zuwa tashar jirgin ƙasa ta Mojave, kwana goma a hanya. A bayan amalanken biyu akwai na uku, tankin ruwa ne zalla mai cin galan 1,200, domin tsakanin rijiya da rijiya akwai nisan da dabba ba za ta kai ba sai da shi. Na zagaya shi, na taɓa ƙarfen tayarsa, ina lissafa tankinmu sau 30.

Hanyarmu ta rabu a nan. Mu gabas za mu yi ta Pahrump zuwa Las Vegas, Auta zai bi mu. Yaya da Hajiya yamma suka nufa, kuma sai sun haye mashigin dutse na Towne Pass, mai tsayin mita 1,511, bayan sun taso daga ƙasa da matakin teku, sannan gangara mai tsawo da ɗaki a bayansu, ga wani hawan kuma a gaba. A irin wannan gangara giya ake sa wa ƙarama, injin ya riƙe mota, in aka dogara da birki ya yi zafi ya daina kamawa. Yaya ya juye tankunansa duka don rage nauyi, ya bar ruwan da zai kai su kawai, sauran jarkokin ya raba mana. Ya gwada birkin ɗakin sau da yawa a cikin sansani, ya duba iskar kowace taya, ya ce sai rana ta fito sosai za su tashi saboda ƙanƙara a kan kwalta can sama. Mu muka riga su fita. Da la'asar, muna samun sabis, saƙon Hajiya ya shigo daga Lone Pine: sun sauka lafiya, birki bai yi zafi ba, kuma mu duba aljihun kujerar baya, ta bar mana matajin.